Hoton da Na Mayar Fasfo

Shekara da shekaru, duk shagona bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Filash ne baƙi, murfinsa ya ɓata tun tuni, na zura masa igiyar takalmi ina rataye shi a wuya ƙarƙashin riga kamar laya. Kafin nan ina da shago na gaske a hanyar kasuwar Mubi, da kwamfuta biyu da firinta da shuɗin labule na ɗaukar hoto. Shekarar da gari ya watse kowa ya yi ta kansa, na tsaya na garƙame shagon da kwaɗo biyu, wai ni mai dabara. Da muka dawo na tarar da kwaɗunan nan lafiya lau a jikin ƙofa, ƙofar kuma tana kwance a ƙasa. Ko wayar wuta ba a bar mini ba. Abin da ya tsira shi ne abin da ke wuyana.

A cikin filashin akwai wata 'yar manhaja ta hotuna, irin wadda ba a girka ta a kwamfuta. Ka soka filash a kowace kwamfuta, ka danna ta, ta buɗe, ta yi aikinta, ka zare ka yi gaba, ba ta bar ko sawu ba. Babu irin hoton da ba ta buɗewa. Tana juya hoto daga wannan tsari zuwa wancan, tana rage masa girma, tana iya yi wa hotuna ɗari a danni ɗaya. Masu shaguna ba sa son kowa ya saka musu wani abu a kwamfuta saboda tsoron cuta, to ni ba na saka komai, shi ya sa ake bari na zauna. Haka na koma ɗan ci-rani a garinmu, yau ina wannan shago gobe ina wancan, ana cewa a kira mai filash.

Akwai wani hali nata da nake yabo a lokacin. Duk yadda ka saita ta, haka za ta riƙe, ta adana saitin a cikin filashin, ta bi ka da shi duk kwamfutar da ka je. Ba ta mantuwa, ba ta kuma tambaya.

Yawancin aikina na masu cika fom ne. Ɗalibai, masu neman aikin ɗamara, masu neman tallafi, kowa da hotonsa a waya, shafin fom kuma ya kafe sai ɗan ƙaramin hoto mara nauyi. Sai in rage musu. Matsalar ita ce bayan na rage, hoto ya zama biyu, babba da ƙarami, suna kuma kusan iri ɗaya. Mutum ya tafi ya ɗora babban, shafi ya ƙi karɓa, ya dawo yana kumfar baki wai ban iya aiki ba. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin sauraron wauta ba. Wata rana, bayan wani dogon saurayi ya gama zazzaga mini rashin kunya a gaban jama'a, na shiga saitin manhajar na sami wani ɗan akwati da ke cewa a goge na asali bayan an juya. Na danna masa alama. Daga ranar hoto ɗaya ke saura, ƙaramin, ko mutum ya so ya yi kuskure babu hanya. Na daɗe ina yi wa abokan sana'a burga da wannan dabara.

Shagon da na fi zama na wani mutumin tsaunukan Michika ne, kusa da tasha. Kwamfuta ɗaya gare shi da janareta mai tarin fuka. Shi yana buga takardu da saka wa mutane waƙoƙi a memori, ni ina hotuna, muna karɓa-karɓa a kujera ɗaya. Mutum ne mai sanyi, har sanyin nasa yakan ba ni haushi. Yakan ce da ni, “Malam, hannunka ya fi kanka sauri.” Ni kuma in ce masa shi kansa da hannunsa duka barci suke yi.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, kuma washegari za a rufe wani fom na ɗaukar aiki. Shago ya cika har waje. Tun da hantsi na lura da wata tsohuwa a bakin benci, da wata mata babba a gefenta da na gane 'yarta ce. Ba su kutsa ba, ba su yi magana ba. Duk wanda ya zo sai ya wuce su, su kuma su matsa masa. Sai wajen azahar mai shagon ya ce da ni, “Ka duba Mama mana, daga ƙauyen Duvu suka taso.”

Tsohuwar ta miƙe tana dafe da kafaɗar 'yarta. Idanunta duka biyu sun yi fari-fari da yana. Ta kwance bakin zaninta, ta fito da wata ledar magani, ta warware, a ciki akwai takarda, a cikin takardar akwai memori ɗan mitsitsi. Ta ajiye shi a tafin hannuna, ba ta sake shi ba sai da ta ji na rufe hannu.

Ta ce, “Ɗana, maigida ne a ciki. Ka yi shi babba.”

'Yar ce ta yi mini bayani. Mahaifinta ya rasu daminar da ta wuce. Manomi ne da bai yarda da hoto ba, yakan ce wanda ke son ganinsa ya zo gona. Katunansa masu hoto sun ƙone tare da ɗakinsa shekarar gudu. Hoto ɗaya tak ya rage a duniya, wanda ƙaninta ya ɗauka da waya ranar godiyar girbi a coci. Wayar ta faɗa rafi ta mutu, memorin ne aka ciro. Nan da mako uku za a yi addu'ar cika shekara, suna son a wanke hoton babba a sa a firem. Amma gaskiyar magana, in ji ta, ba don baƙi ba ne. Uwarta ce ba ta iya ganin ƙaramin abu.

Ta ƙara da cewa, tana murmushi, “Baba bai kalli waya ba a hoton. Mama yana gefe yana masa faɗa ya tsaya daidai, shi kuma ita yake kallo.”

Tsohuwar ta ce, “Ƙarya ne. Shekara nawa, mutumin nan bai taɓa kallona a gaban mutane ba. Sai na gani da idona.”

Na saka memorin. Kwamfutar shagon ta ƙi buɗe hoton, don wayar ta adana shi a wani sabon tsari da ba ta sani ba. Na soka filashina, 'yar manhajata ta buɗe shi ba gardama. Wani dattijo ne dogo cikin sabuwar riga ruwan ƙasa, rungume da damin dawa. Hoto ne mai kyau ƙwarai, in ka matso da shi har zaren rigar za ka iya ƙirgawa. Na tuna akwai ƙuda a kafaɗarsa. Na juya mata allon kwamfutar, na yi ta matso da fuskar har ta cika shi. Ta sunkuya, hancinta ya kusa taɓa gilashin, tana bin sa da yatsa.

Ta ce, “Ga tsage. Ga haƙorin da saniya ya karya.” Ta yi dariya, irin dariyar da ke fitowa da ƙwalla. Ta daɗe a wajen idanun, tana karkata kai dama da hagu, sannan ta ce, “Nan kam hazo. In ya zama babba zan gani.”

A bayana wani mai neman aiki yana ta buga ƙafa yana cewa shafi zai rufe, janareta kuma ya fara shaƙewa. Masu wanke manyan hotuna ba sa karɓar wannan sabon tsari, dole sai an juya shi zuwa wanda kowa ya sani. Na ja hoton na jefa a wurin juyawa, na danna. Hoto na nawa ke nan a ranar, ni ma ban sani ba. Hausawa suka ce sabo turken wawa. Manhaja ta yi abin da na koya mata, ta juya, ta rage, ta goge na asali. Na kwafi abin da ya fito zuwa filashina ban ko buɗe shi ba, na ce su dawo ranar kasuwa ta sama.

Da a nan aka tsaya, da da sauƙi. Abin da aka goge a memori ba ya tafiya nan take, yana nan kwance sai an ɗora wani abu a kansa, kuma akwai hanyar tono shi. Amma har sun juya za su tafi, sai tsohuwar ta fito da wata 'yar rediyo mai cin memori daga jakarta. 'Yar ta tambaya ko za a iya sa mata waƙoƙin coci ko guda biyar, ta riƙa ji, don gidan ya yi mata shiru. Tausayinta ya kama ni. Na ce biyar me, ai Mama ta fi ƙarfin biyar. Na buɗe tarin waƙoƙin mai shagon, na Hausa da na Kamwe da na Gude, na yi ta zubawa har kwamfuta ta ce babu sauran wuri. Na cika memorin maƙil, ina jin daɗin kaina, na yi wa tsohuwa alheri.

Ta riƙe hannuna da hannu biyu tana godiya, ta ce, “Useko, ɗana. Allah ya ba ka shago naka.”

Bayan kwana biyu na je inda ake wanke manyan hotuna. Matar da ke kan injin ta saka filashina, ta duba allo, sannan ta kira ni da hannu. “Wannan ne ka ce a yi shi girman kalanda?”

Na leƙa. Ɗan hoto ne kamar kan sarki a tsakiyar allo. Ta ja shi ya girma, sai fuskar ta farfashe ta zama murabba'ai, ruwan ƙasa da baƙi da toka-toka, kamar an jera tubali. Ba tsage, ba haƙori. Idanun ɗigo biyu ne baƙaƙe da suka yi naso. Ban tambaye ta komai ba, don nan take na san abin da na yi. Na nemi kujera na zauna.

Washegari da sassafe na hau babur zuwa Duvu. Na riga na kira 'yar na ce ina bukatar memorin don wani ɗan gyara, ƙaryata ta farko ke nan. Hanya duk gonakin gyaɗa ne ana ta cira, mata da yara sun duƙa, masu kaya a ka suna ratse mana. A hanya ina ta yi wa kaina lissafin banza, wai wataƙila waƙoƙin ba su kai wurin ba, wataƙila sun kewaye shi. Tun kafin in shiga gidan na jiyo rediyon. Tsohuwar tana zaune a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa da lalube, rediyon a cinyarta, tana bin waƙar a hankali. Da aka ce mata mai hoto ne, ta sa aka kawo mini ruwa, ta kashe rediyon ta ciro memorin da kanta. Ta ce in yi sauri in dawo da shi, ta saba.

Kwana uku na yi a kan memorin nan. Duk wata manhajar tono abin da aka goge da na sani na gwada, na aro waɗanda ban sani ba. Abin da ya fito waƙoƙi ne, da guntayen waƙoƙi, da rabin hoton wata akuya. Na kai wa wani gwani a cikin gari da ake cewa ko memori ya ƙone yana tashinsa. Ya duba, ya tambaye ni wane mara hankali ne ya cika shi da waƙa bayan an yi gogewa. Na ce wani ne a shagonmu. Na sa 'yar ta ba ni lambar ƙaninta da ke kudu, na tambaye shi ko ya taɓa tura wa wani hoton. Ya ce a'a, ai yana memori, me ya faru? Na ce babu komai. Na koma Duvu ranar Lahadi na tsaya a bakin coci ina tambayar masu waya ko wani ya ɗauki hoto ranar godiyar nan. Aka samu guda ɗaya na taron jama'a. Marigayin yana can baya, hularsa da kunnensa ɗaya kawai suka fito, wata mata mai babban ɗankwali ta rufe sauran.

Daga ƙarshe na gwada irin sababbin manhajojin nan da ake cewa suna gyara hoton da ya dushe. Na ba ta tubalan nan, ta ba ni mutum. Kyakkyawan dattijo, fata sumul, haƙora cif-cif farare, ido yana kallona kai tsaye kamar mai tallan magani. Ba tsage ko ɗaya. Na daɗe ina kallonsa, kuma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in wanke shi, tunda tsohuwar ba gani take ba. Mai shagon ya leƙo ta kafaɗata ya ce, “Wannan mijin wa ne?” Na goge shi.

Shi kaɗai na faɗa wa gaskiya. Bai ce ai na gaya maka ba, wanda da ya faɗa da ya fi mini sauƙi, da na samu wanda zan yi wa faɗa. Cewa ya yi, “Ka gaya mata. Tsohuwa ce, ta ga abin da ya fi wannan.” Na ce zan gaya mata in sun zo.

Na sa aka wanke farfasasshen, bayan na shafe gefunan murabba'an ya zama kamar mutum a bayan gilashi mai raɓa. Daga nesa ka san dattijo ne da damin dawa. Na saya masa firem mafi kyau da na samu, mai ruwan zinare, kamar firem zai yi wani abu.

Suka zo ranar kasuwa. Na mayar wa tsohuwar da memorinta, na miƙa mata hoton. Ta karɓa da hannu biyu, ta kawo shi dab da fuska. Ta nesanta shi. Ta ce a kai ta bakin ƙofa inda haske yake, aka kai ta. Ta karkata shi, ta goge gilashin da bakin mayafi, ta goge idonta, ta sake dubawa. Ni ina tsaye, maganar da na shirya tana bakina.

'Yar ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya. “Malam, ya yi hazo fa.”

Na ji bakina yana cewa, “Haka hoton waya yake in an ƙara masa girma.”

Ta dube ni, ta dubi hoton, ta gyaɗa kai. Me za ta ce? Ni ne mai na'ura. Mutanenmu in ka zauna gaban kwamfuta, ko cewa ka yi rana daga yamma take fitowa sai su ce wataƙila sabon tsari ne.

Sai tsohuwar ta juyo. Ta ce, “Idon nan ya ƙara mutuwa. Ranar nan na ga haƙori. Yau ko haƙori ban gani ba.” Ta rungume firem ɗin a ƙirji. Jin na yi shiru, sai ta ɗauka damuwa na yi saboda ita, ta lalubo hannuna ta bubbuga. “Kar ka damu, ɗana. Kai ka yi aikinka. Laifin ido ne.”

Na bar ta ta tafi da wannan. Na tsaya ina kallo ta ɗora wa idonta laifina, na ce Allah ya kiyaye hanya. Na yi abubuwan kunya a rayuwata, amma in suka taso mini a rai wannan ne ke gaba. Mai shagon ya ci gaba da buga takardarsa, kuma ranar bai tsokane ni ba har muka tashi.

Na cire alamar nan daga akwatin, ihu bayan hari. Na koma duk memorin da aka ba ni sai na kwafe shi wuri biyu kafin in taɓa komai, har ɗalibai suna cewa mai filash ya tsufa. Na daina bi ta layin da mutanen Duvu ke sauke kaya. Damina ta zo ta wuce. Mutum yana iya zama da abu a ransa kamar tsakuwa a takalmi, ya koyi yadda zai taka. Har na fara gaya wa kaina cewa shirun nan ma jinƙai ne, tunda gaskiyar ba za ta dawo da komai ba.

Bayan girbi aka ce wasu likitocin ido sun zo gari suna yi wa tsofaffi aikin yana. Na ji labarin kamar kowa, ban kawo komai a raina ba.

Wata rana da hantsi, shago babu kowa sai ni da mai shi, ina goge maus, wata tsohuwa ta shigo da baƙin tabarau. Ita kaɗai, ba ta dafa kowa ba. Ta tsallake wayar janareta da ke kwance a bakin ƙofa, wayar da masu ido biyu ke tuntuɓe da ita kullum. Ta tsaya a gabana ta cire tabarau tana ƙare mini kallo.

Ta ce, “Ashe kai ba yaro ba ne. Ga furfura.”

Sai a lokacin na gane ta, tsohuwar Duvu ce, na gaishe ta. Ta zauna tana ta ba mu labari, ni da mai shagon. An yi mata ido ɗaya, ɗayan sai gaba. Yanzu tana zura zare a allura. Tana ganin ƙwari a wake. Ta ga ashe jikokinta duk ƙazamai ne, ta ga rufin ɗakinta ya yi baƙi ba wanda ya gaya mata. Tana faɗa tana dariya, mu ma muna yaƙe.

Sannan ta kwance bakin zani. Ledar maganin nan ce, da takardar nan.

“Ranar da aka buɗe ido, na ce a kawo hoton. Komai na gani, shi kaɗai hazo. Yarinya ya ce wai wanki ne ya ɓata shi. To ba sai ka wanke ba. Ka sa a inji kamar ranar nan, ka matso da shi. Sau ɗaya kawai in gani da sabon ido.”

Mai shagon ya tashi daga kujera ya ba ni wuri, ya fita waje ya tsaya wajen janareta, ko da yake akwai wuta.

Na saka memorin. Na soka filash. Na wuce waƙoƙi, na wuce waƙoƙi, har na iso kansa. Ya buɗe, ɗan mitsitsi a tsakiyar allo.

Ta ce, “Matso da shi.”

Na matso da shi. Ta ga tubalan suna girma. Wannan karon ba ta kai hanci ga gilashi ba, daga inda take zaune take gani sarai.

Na ce, “Mama, ba wanki ba ne. Ba idonki ba ne kuma. Ni ne.”

Na gaya mata duka, da Hausar da za ta gane. Na ce injin nan na saba sa shi ya ƙanƙance hoto ya zubar da babban, ranar nan ban duba ba ya yi wa na maigida haka. Na ce ko bayan nan ana iya tono shi, amma waƙoƙin da na zuba mata sun hau kansa sun danne. Na ce na sani tun kafin ta karɓi firem, na sani lokacin da ta ce idonta ne, na yi shiru. Ban nemi gafara da dogon zance ba, don na ga ba ni da bakin.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta daɗe tana kallon allon.

“Waƙa ne ya hau kansa?”

“E, Mama.”

“Kullum ina ji. Safe da yamma. Cire su.”

Na ce ko an cire ba zai dawo ba, abin da aka danne ya tafi.

“Na ji. Cire.”

Na zaɓe su duka na goge. Memorin ya koma fayau, sai ɗan hoton nan shi kaɗai. Ta miƙo hannu na sa mata shi, ta naɗe a takarda, ta sa a leda, ta ƙulle a bakin zani, ƙulli biyu kamar yadda ta kawo shi. Ta miƙe. Har ta kai ƙofa ta juyo.

“Kai ka gan shi ranar nan. Idonka lafiya, hoto lafiya. Ina yake kallo?”

Na rufe ido na nema. Ga riga ruwan ƙasa. Ga damin dawa. Ga ƙudan nan a kafaɗa, har fukafukansa. Ga muryar mai neman aiki a bayana, ga janareta yana shaƙewa. Na hau sama zuwa fuskar, na tarar babu komai, don fuska ɗari nake gani a rana kuma ba na kallon ko ɗaya, nauyinsu kawai nake dubawa. Kalma ɗaya za ta ishe ta. In ce ke yake kallo, Mama, ta tafi da ita gida ta riƙe har ƙarshen ranta, babu mai ƙaryata ni a duniya. Amma na riga na taɓa barinta ta tafi da ƙarya daga wannan ƙofar.

Na ce, “Ban lura ba, Mama.”

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta mayar da tabarau ta fita, ta sake tsallake wayar. Na bi ta zuwa bakin ƙofa ban san abin da zan yi ba. Ta tsaya a bakin titi ta dubi dama ta dubi hagu, ta bari wata motar shanu ta wuce, sannan ta tsallaka ita kaɗai, tana ganin komai.